Ledar Bagobiri

Ɗan gwaggo, bawana na Gidan Rumji, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka taso har Gazawa ka durƙusa ka gaishe ni.  Da gangan na yi shiru har amarya ta tare, baƙi suka watse, aka mai da tukwanen aro, don kada a ce ɗan kawu ya ɓata wa ɗiyarsa biki. Yanzu kuwa ba mai cetonka. Maganar ledar da ka shimfiɗa wa yarinyar nan a ɗaki za mu yi, a bainar jama'a, kuma ba ka da damar fushi. Dokar ta girme mu, har ma a 2014 UNESCO ta sa wasan da ke tsakanin taubasai da ƙabilun Nijar cikin jerin al'adun da duniya ke tattalinsu. In ka ga dama ka kai ƙarata fadar Sarkin Gobir a Tsibiri, fadawa ne za su fara yi maka dariya.

Laifinka na farko, ka shiga hurumin da ba naka ba. Tun da aka fara aure a ƙasar nan kayan ɗaki na mata ne. Uba ya sayar da buhunan wake ko ɗan bijimi, ya miƙa kuɗi, ya koma gindin dalbejiya ya kama bakinsa. Uwa da gwaggwanni su ne suka san gado, suka san samira da labule da abin shimfiɗa. Kai kuwa ka ce a'a, mata ba su iya ciniki ba, ƴan kasuwar Maraɗi yanka su za su yi. Ka cusa kuɗi a aljihun ƴar ciki, ka hau mota, ka yi tafiyar wajen kilomita 50 don ka nuna wa mata yadda ake saye. Kafin ka tashi an ce ka auna ɗakin, ka kuwa auna. Da me? Da takun ƙafa, kana ƙirgawa da ƙarfi, yara na biye da kai.

A nan ban ga laifinka sosai ba, abin gado ne. Mutanen da wanzami ke yi wa tsaga shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, dangi su duba su ce ta yi daidai, ta ina za a sa ran lissafinsu ya fita?

Bari in biya maka karatun da ka gudu ka bari. Ɗakin yarinyar mita 4 ne a tsawo, mita 3 a faɗi. Leda a naɗe take zuwa, faɗin naɗin kuma iri biyu aka fi gani: akwai mai mita 2 cif, akwai mai ƙafa 6, wato mita 1 da santimita 83. A ido kusan ɗaya suke, sai an ɗora ma'auni. In mai mita 2 ce, ka yanki falle biyu masu tsawon mita 3, ka jera su, sun rufe ɗakin ba saura. In mai ƙafa 6 ce, falle biyun nan mita 3 da santimita 66 za su ba ka, sai ka tarar da santimita 34 na ƙasa tsirara daga wannan bango zuwa wancan. Ita ka sayo. Ga shi ba ka bar ko tafin hannu na rara a gefe ba, alhali kowa ya san bangon laka ba ya miƙewa sak. Da ƴan jere suka ga haka sai suka yi abin da mata suka saba yi da ɓarnar maza: suka tura gado ya rufe abin da zai iya rufewa, suka jera akwatuna a kan sauran, suka yi guɗa. Dangin ango ba su gani ba. Ni na gani, don na durƙusa neman takalmin jikana.

Sai zaɓe. An ce mai kanti ya jero maka naɗi-naɗi, ka wuce duk masu kauri, ka tsaya a kan wata fara fat mai ƙyalli, da zanen karo da furanni ruwan zinare, ka ce ai irin ta cikin banki ce. Mai kanti ya ce daga Dubai take, kuma da ba don kai ba ne ba zai bar ta haka ba, iyaka a rufe. Wannan magana ta iyaka, ɗan gwaggo, tun da Najeriya ta rufe tata a watan Agusta na 2019 ta shiga bakin ƴan kasuwa ba ta fita ba. An buɗe a ƙarshen 2020 suna faɗi, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 suka ƙara murya, an sake buɗe hanyar Jibiya da Ɗan Isa har yau suna faɗi. Irin wannan leda kuwa yawancinta daga Sin take fitowa, ko ta ina ta biyo. Ka ji ta fi kowace araha, ka ɗauka ka yi wa mutumin wayo. Tun daga Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo zuwa yau ba a haifi Bagobirin da ya yi wa ɗan kasuwar Maraɗi wayo ba.

Da ka tambaye ni da na gaya maka abin da kake saye. Ledar ɗaki hawa-hawa ce. Asalinta robar da ake kira PVC, wadda fiye da rabin nauyinta daga gishiri ake samo shi, sauran daga man fetur ko kwal. Ita robar a karan kanta tauri gare ta, da ita ake yin bututun famfo. Sai an gauraya ta da wani mai mai sa laushi sannan take yarda ta naɗu, dabarar da wani Ba'amurke, Waldo Semon, ya gano a 1926. A can ƙasa akwai gindi, wani na soso, wani na zare, wani roba zalla. A kansa akwai zanen nan da ya ruɗe ka, wanda bugu ne kawai irin na atamfa. A saman zanen kuma akwai wata fatar roba garai-garai, ita ƙafa ke takawa, kuma ran ledar duka a cikinta yake. In fatar nan ta yi kauri, yarinya ta yi goyo biyu zanen yana nan. In babu ita, kafin shekara ta zagayo an ga hanya ta fito daga bakin ƙofa zuwa gado, furanni sun goge, sai baƙin gindi. Ta kirki takan kai milimita ɗaya da rabi zuwa 2. Taka gaba ɗayanta ba ta kai rabin milimita ba.

Gwaggo, mahaifiyarka, wadda jininmu ce shi ya sa take da basira, ba ta san PVC ba, amma ta san yadda ake gwada leda. Ta kama kusurwa ta lanƙwasa ta matse. In farin layi ya fito ko wurin ya tsage, an cika wa robar garin alli don a rage kuɗi, ta ajiye. Ta karce fuskar da makulli, in launi ya biyo makullin ta ajiye. Ta ɗaga ta saitin rana, in haske ya ratso ta ajiye. Ta kai hanci, in wari ya hau mata kai ta ajiye, don ɗakin amarya kullum ƙofa a rufe, taga a toshe da labule, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, warin nan shi za a riƙa shaƙa dare da rana. Ba za ta taɓa ɗaukar fara fat ba a ƙasar da rairayi ke shigowa a tafin kowace ƙafa, hunturu kuma ya zubo ƙura ta rufin ɗaki. Ruwan ƙasa mai ɗigo-ɗigo za ta ɗauka, wadda ba ta tona asirin mai ɗaki. Mai santsin ƙyalli ma ba ta so, don ruwan buta kaɗan ya isa ya kayar da mai ciki. Duk wannan ilimi yana cikin gidanka, zaune a kan tabarma, ka tsallake shi ka tafi tasha.

Amma duk abin da na lissafa ƙananan laifuffuka ne. Babban yana ƙarƙashin ledar.

Ɗakin da ango ya gina sabo ne, kuɗinsa sun ƙare a kwano da ƙofa, ƙasan ɗakin kuwa rairayi ne da ɓarɓashin tubali aka baje aka yayyafa wa ruwa. A kan wannan ka sa aka shimfiɗa ledarka. To, leda ba ta da ƙashi. Duk abin da ke ƙarƙashinta shi take kwaikwayo: in rami ne ta lotsa, in tudu ne ta taso, in tsakuwa ce guda ɗaya tak, kowane taku yana tura tsakuwar nan sama har ta huda. Ƙafafun gadon ƙarfe da ka yi alfahari da shi sun riga sun nutse, kowace ta yanka wa kanta zobe. Wannan a rani ke nan. Bari damina ta sauka. Ku da kuke bakin Gulbin Maraɗi kun fi kowa sanin halin ruwan ƙasarku, gulbin da a 1945 ya ci tsohon garin Maraɗi har aka kwashe mutane aka hau tudu. Ƙasar ɗaki tana shan laima tana fitarwa, muddin an bar ta a buɗe. Ka rufe ta da roba, laimar ba ta da mafita, sai ta taru a ƙarƙashi, ƙasa ta yi taushi, wari ya tashi, gara ta samu inda take so: duhu, sanyi, ba tsintsiya. Daga nan ta hau akwatunan da ƴan jere suka ɓoye kuskurenka da su, zannuwan lefe kuwa a ciki suke. Ban ma ambaci kunama ba, don kada gwaggo ta kasa barci.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne iyayenmu sun san maganin wannan tun kafin a ƙirƙiro roba. Ka tuna daɓe, ko ka manta tun da ka fara sa agogo? Ana saura kwanaki a kai amarya, matan danginta su yi gayya su tafi gidan ango. A zubo birji a baje, a yayyafa ruwa, kowace ta durƙusa da madaɓinta, su yi ta duka a tare suna waƙa, wata ta bayar sauran su amsa, habaici na tashi, uwar miji na jin rabonta daga bayan darni ba ta da ikon tankawa. A bari ya sha iska, a sake duka. Sannan a kawo ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko ruwan bagaruwa, a shafe. Ƙasa ta yi tauri, ta yi duhu, ta ɗauki sheƙi, tsintsiya ta wuce a kanta ba ta tayar da ƙura. A kan wannan ake shimfiɗa tabarmar kaba, wadda matan Gulbin Kaba ke saƙawa daga nan wajenmu har can wajenku, kuma ita tabarma ana ɗaga ta kowace safiya a kakkaɓe, ƙasa ta sha iska. Turawa ma da suka fara yin shimfiɗar ɗaki mai naɗuwa, wani Frederick Walton a Ingila wajen 1860, da man tsiro da garin ɓawon itace suka yi ta. Ba su fi kakanninmu nisa da daji ba.

Na san abin da za ka ce, yanzu wa zai tara mata su yi daɓe, ɗorawar ma ta yi ƙaranci. Na yarda. To ai siminti ya zo. Na Malbaza yana nan, na Najeriya yana nan, buhu kilo 50. Da kuɗin ledar zinarenka da kuɗin motarka da na tsiren da ka ci a tasha ka haɗa ka ƙara kaɗan, ka kira magini ya zuba wa ɗakin siminti ya goge shi sumul, da ka yi wa yarinyar abin da za ta daɗe tana yi maka addu'a. Sai dai shi ma yana da sharaɗi, wanda na san zai yi maka wuya, don haƙuri ne. Siminti yana son a riƙa ba shi ruwa a kwanakin farko, kuma sai ya yi mako 4 yake kai ƙarfinsa. Ko bayan nan ba a rufe shi da leda sai ya bushe har ciki. Gwajin ba wuya: a shimfiɗa ƴar leda a tsakiyar ɗaki, a danne gefenta, a bar ta ta kwana. In da safe an ga raɓa a ƙarƙashinta ko wurin ya yi duhu, da saura. In ya bushe, a share sau biyu, a shafa tafin hannu a ji ko akwai ƙwayar yashi, sannan a kawo leda a warware ta a bar ta ta kwana a ɗakin ta saki jiki kafin a yanka. Mahaɗar falle biyun kuma a manne ta da gam, kada a bar ta a bakin ƙofa inda ƙafa za ta riƙa tuntuɓe da ita.

Kada ka ɗauka kwalliya kawai nake magana. A ƙasar Meziko, tun daga shekarar 2000, wata jiha ta shiga zuba siminti a ɗakunan talakawa masu ƙasa tsirara. Da masana suka bi sawu suka duba yaran gidajen, sai suka tarar tsutsar ciki da gudawa da ƙarancin jini sun ragu ƙwarai. Dalilin a fili yake: yaro mai rarrafe, hannu a ƙasa, hannu a baki. Ƙasar da ake iya wankewa ta fi wadda ba a iya wankewa. Jikanka na nan tafe in Allah ya yarda, kuma da yake rabinsa Bagobiri ne, duk abin da ya tsinta baki zai kai.

Saboda haka ni ba maƙiyin leda ba ne. A ɗakin uwargidana akwai ta, a kan siminti, ta ga yaye fiye da ɗaya. Tana da sauƙin shara, tsumma da ruwa sun ishe ta, fitsarin yaro ba ya shiga cikinta, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na karo ba. In ta tsufa a naɗe a sake wata, ba sai an kira mai guduma ba. Amma in kuɗi ba su isa duka biyun ba, siminti ne farko, a ɗora tabarma, leda ta jira kaka. Kai ka fara ta inda ake gamawa.

Saura wuta. Wannan saƙon ɗiyata ne, ka isar mata, kada ka ƙara kada ka rage. Kaskon turaren wuta ba ya zama a kan leda, ko na minti ɗaya. Garwashi ɗaya ya faɗo, rami ne har abada. Ta samu faifan ƙarfe ko tubali biyu ta riƙa ɗorawa. Ango kuma ya fita da murhun shayinsa waje, shi da abokansa. Dutsen guga na gawayi ma haka. Gado da kujera a sa musu ƴan katakai ko guntun taya a ƙarƙashin ƙafa, kuma in za a matsar da su a ɗaga, kada a ja. Inda rana ke faɗowa ta bakin ƙofa a sa ƴar tabarma, don rana tana cin launi, tana kuma busar da man nan mai sa laushi, sai hunturu ya zo leda ta ƙage ta fara karyewa. In ta mutu, guntayenta kada a hura wuta da su, kamar yadda na ga ana yi da ledar kasuwa. Hayaƙin PVC yana ɗauke da iska mai cin maƙogwaro da huhu. A rufe buhunan hatsi da ita, ko a yi wa awaki rumfa.

Na daɗe ina tunanin me ya sa Gobirawa ke son shimfiɗar da ake naɗewa, sai na tuna tarihi. Daga Azbin kuka taso, kuka zauna Birnin Lalle, kuka gangara har Alkalawa, a 1808 aka tashe ku, bayan yaƙin Gawakuke a 1836 kuka kafa Tsibiri. Mutanen da suka saba ɗaure kaya, me zai sa su ɓata lokaci a kan daɓe? Na san za ka ce mu ma Katsinawa ai korarmu aka yi daga Birnin Katsina muka faɗo nan. Gaskiya ne, amma mu da muka zo mun zauna mun shuka aya. Ka zo Cadawa da Agiye da Gazawa bayan kaka ka ga buhuna ana lodi zuwa Najeriya. Da kuɗin ayar da kake yi mana gori a kanta muke zuba siminti. Zabarmawa da Yarabawa sun daɗe suna fama da ku, ni dai Allah ya haɗa ni da kai ta wajen gwaggo, ba yadda zan yi.

Yanzu ga hukunci. Ledar nan a ɗage ta kafin ruwan farko, a fitar da akwatuna a duba gindinsu. Ni zan aiko da buhun siminti ɗaya, gudummawar kawu, sauran kai da surukinka ku san yadda za ku yi. Ƙanwarta kuma na ji an kawo goro, biki bayan girbi. Wannan karon ba ka zuwa Maraɗi kai kaɗai. Gwaggo ce za ta zaɓa, matarka ta yi ciniki, ni in riƙe ma'auni, kai kuma ka biya kuɗin mota ka ɗauko naɗin a ka daga kanti zuwa tasha, don shi ne aikin da ya dace da matsayinka a wurina. Awon ɗakin a yi shi da igiya, a ɗaura ƙulli a kowace kusurwa, a ba yaron mota ya kawo mini. Maganar kuɗin shara da ke tsakaninmu kuwa ban manta ba, Muharram na nan zuwa, kuma ban karɓar guntun leda.